Shanun Yumɓu a Tanderun Burodi

Shekarar da aka karɓe fam da sule aka ba mu naira da kwabo, a shekarar ce damina ta ɗauke da wuri. Na riƙe ta ne saboda mata masu sayen burodi sun yi watanni suna juya sabon kuɗin a tafin hannu suna cewa ba shi da albarka. Lokacin ina aiki a wani gidan burodi a unguwar Hammadu Kafi, a Gombe. Aikina wuta ne. In faskara itace, in hura tanderu, in kwashe garwashi, in zura farantai da doguwar sanda, in fito da su. Shekarata goma sha ɗaya a gaban tanderun nan, har gashin hannuna ya ƙone bai sake fitowa ba.

Da rani ya yi nisa sai Fulani suka fara shigowa gari daga arewa, babu shanu a gabansu. Wasu da jaki ɗaya, wasu da ƙorai kawai a ka. Suka kafa bukkoki a Gabukka, wadda a lokacin gonaki ce da fili. Mazan sukan zauna a gindin bishiya da sandunansu a kan cinya, ba sa magana da kowa.

A unguwar Malam Inna akwai wata malamar firamare, Batangaliya, mijinta soja ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba. Kowa Malama yake ce mata. Ta kafa rumfar zana a bayan gidanta, kowace Asabar da yamma tana tara yaran da ba sa zuwa makaranta: marayun yaƙi, 'ya'yan masu dako, sai kuma 'ya'yan baƙin nan na Gabukka. Ba karatu take koya musu ba. Takan yanka takardar buhun siminti ta raba musu, ta ba su gawayi su yi zane. Wata rana waƙa, wata rana kiɗan gwangwani. In an tashi kowa ya sha kunu. Mai gidan da nake wa aiki ya ce burodin da gefensa ya ƙone a riƙa kai mata, ni kuma na zama mai kaiwa. Nakan ajiye buhun in zauna a benci in huta kafin in juya.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Waja mai ginin tukwane a maƙwabtan Malama. Ita ce wata Asabar ta kawo ragowar yumɓu a kasko ta dire a tsakiyar rumfar, ta ce yara su yi wasa da shi. Wasu suka gina mota, wasu tukunya. Wata yarinya Bafulatana, ba za ta wuce shekara goma ba, ta koma gefe ta gina saniya. Ba irin shanun da yara ke yi ba ce, dunƙule da ƙaho biyu. Ta yi mata tozo, ta yi mata leɓen wuya, ta karkatar da kan kamar mai sauraron kira.

Ana nan sai ga ubanta ya zo kiranta ta je ɗibar ruwa. Dogo ne, siriri, da hular kaba. Yara Baffa suke ce masa, mu ma muka bi. Ya tsaya a bakin rumfa ya dubi saniyar ya daɗe. Sannan ya yi wa 'yar magana da Fillanci, ta lanƙwasa ƙahon hagu ya dubi ƙasa. Ya gyaɗa kai. Daga baya Malama ta gaya mini karsana ce da aka ba yarinyar ranar sunanta, ta girma tare da ita, ta mutu a hanya.

Asabar ta gaba ya dawo, ba wanda ya kira shi. Ya same ni a benci. Ni Babarbare ne, tsagen fuskata ba ya ɓuya, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni.

Ya ce, "Wa ya ba bawa izinin hawa benci?"

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo, durƙusa ka gaishe shi."

Ya ce, "Ubangida mai warin hayaƙi. Matsa."

Na matsa, ya zauna. Matarsa ta gaya wa Malama cewa tun da suka sauka a Gabukka bai yi wa kowa magana mai tsawon wannan ba.

Shanunsa talatin da bakwai ne da suka taso. Babu ko ɗaya da ta iso Gombe. Abin da ya faru a rumfar nan cikin watanni uku shi ne, ya sa aka gina su duka. Shi ba ya taɓa yumɓu. Yana zaune da sandarsa, ya kira yaro ya ce, yau kai za ka yi wance. Sai ya faɗi sunanta da Fillanci, ya faɗi uwarta da kakarta, ya faɗi inda fari ya tsaya a jikinta da inda ja ya fara, da yadda take tafiya. 'Yarsa tana fassarawa. Yaran Tangale da na Hausawa da na Tera kowa ya sami saniyarsa. In yaro ya gama ya kawo, Baffa ya juya ta da bakin sanda ya ce, "Wannan akuya ce. Sake." Yara su fashe da dariya, a sake. Wata sai an yi ta sau huɗu. In ta bushe a shafa mata farar ƙasa da jar ƙasa da garin gawayi.

Malama ta sa aka kafa katako a kan tubala a cikin rumfar. A kansa Baffa yake jera su yadda suke tafiya in an kora su kiwo: tsohuwar saniya mai jan gaba, sauran a bayanta, bijimi a gefe, maruƙa a ƙarshe. In wani yaro ya sauya wa ɗaya wuri, yana shigowa zai gani. Ya ce in an gama zai kwashe su ya kai bukkarsa, saboda yana da ɗa a goye wanda bai san shanun gidansu ba, yana so in ya yi wayo a nuna masa. Malama ta ce nasa ne.

An shiga sabuwar damina, saura shanu biyar da bijimi, sai takarda ta zo wa Malama daga wani jami'i mai kula da jin daɗin jama'a. Lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, sai yanzu da furfura nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, don haka ita ta karanta mini. Za a yi nunin sana'o'in hannu a cikin gari nan da kwana goma, ana so ta kawo aikin yaranta. Ta yi murna ƙwarai. Aka zauna kwana uku a jere aka ƙarasa sauran shanun. Yarinyar ta bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga tsaga ta cike da ɗanyen yumɓu.

Damuwar Malama ita ce ba a gasa su ba. Ruwa ya taɓa ɗiga ta rufin zana ya narkar da gindin wata, sai da aka sake ta. Kuma in an ɗauke su a mota ƙafafu za su karye. Ta je wurin tsohuwa mai tukwane da bijimin a hannu ta roƙe ta ta haɗa su da tukwanenta in za ta yi gashi. Ina wurin.

Tsohuwa ta ɗauki bijimin ta auna shi a hannu, ta kanga shi a kumatunta. Ta ce, "Da sanyi. Bai bushe ba."

Malama ta ce, "Kwana huɗu yana shan iska, Kaka."

Ta ce, "Iskar damina? Tukunyata da take da ciki, bakinta a buɗe, sai ta yi mako biyu. Wannan dunƙule ne kamar curin fura. Ba zan sa shi kusa da kayana ba. Ku bar su yadda suke, ku ɗauke su a ka."

Da muka fito Malama ta dube ni ta ce, "Mai burodi, tanderunku fa?"

Ban yi dogon tunani ba. Tsohuwa a fili take gashi, da ciyawa da kashin shanu, iska na kaɗa wutar yadda ta ga dama. Ni kuwa ɗaki ne da ni na tubali, mai ƙofa, na san zafinsa da bayan hannuna. A raina na ce tsoron tsohuwa na tukwanenta ne. Na ce zan tambayi mai gida. Ranar Juma'a ba ma gashi, ya ce in yi, amma in share bayan na gama.

Baffa ne bai so ba. Ya ce, "Rana ta cinye su sau ɗaya. Yanzu kuma wuta?"

Malama ta yi masa bayani cewa in an gasa su za su zama kamar tukunya, ko ruwa ya taɓa su ba abin da zai same su, ɗansa zai girma ya same su, har jikansa. Wannan maganar ce ta shige shi. Ya juyo gare ni.

Ya ce, "Kai bawa, ka san wuta?"

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya."

Ya ce, "Ba burodi na tambaye ka ba."

Na ce, "Wuta ai wuta ce, Baffa."

Ya dubi katakon ya daɗe, sannan ya ce to.

Ranar Juma'a da hantsi muka shimfiɗa ƙaiƙayi a amalanke muka jera su. Ni ke turawa, yarinyar na gaba tana nuna mini ramuka, yara wajen ashirin na biye da mu, Baffa da Malama a baya. Daga Malam Inna zuwa Hammadu Kafi ko ƙaho ɗaya bai karye ba. Masu shaguna suna leƙowa suna tambaya ko na sayarwa ne.

Tun da safe na hura tanderun. Na san yumɓu ya fi ƙullu son wuta, don haka na ninka itacen da nake sawa. Na bari tubalin ciki ya yi fari, yadda in ka watsa gari ya ƙone kafin ya sauka. Na kwashe garwashi na tura shi gefe. Na jera shanun a farantai shida. Sai da na ɗauko tsumman mai zan shafa wa faranti na farko sannan na tuna ba burodi ba ne, yara suka yi mini dariya. Baffa ya hana a cakuɗa su, ya sa aka jera su bisa tsarinsu na tafiya, mai jan gaba a farantin farko, maruƙa a na ƙarshe, wanda ya zauna kusa da ƙofa.

Haka burodi yake: da danshinsa yake shiga, cikin zafi mai ƙarfi, a rufe ƙofa nan take. Haka na yi. Na zura su, na jawo marfin kwano, na toshe gefensa da jiƙaƙƙen buhu.

Ba a yi minti biyar ba muka ji tas. Sai kuma wani tas. Sai suka haɗu kamar ana soya gurguru a babban kasko, wani ƙaran har marfin yana motsi. Yaran suka ja da baya. Yarinyar ta riƙe mini riga.

Ta ce, "Kawu, buɗe."

Malama ta ce, "Mai burodi, lafiya kuwa?"

Na ce itace ne yake fashewa. Na san ba itace ba ne, domin garwashi ba ya irin wannan ƙara. Amma abu na farko da aka koya mini a gidan burodi shi ne ba a buɗe ƙofa kafin lokaci. In iska ta shiga, burodi ya kwanta, ba ya sake tashi. An taɓa marina a kan haka ina sabon zuwa. Hannuna ya ƙi zuwa ga marfin. Na ce a bari wuta ta gama aikinta, in an buɗe yanzu sanyi zai tsattsaga su.

Yarinyar ta sake cewa, "Kawu, buɗe mana."

Baffa kuwa yana gefe. Yana tsugune, ya dogara haɓarsa a kan sanda, yana kallon marfin. Na lura leɓensa yana motsi duk lokacin da aka ji ƙara, daga baya na gane ƙirgawa yake yi.

Da ƙaran ya tsaya na ƙara jira kamar tsawon gashin burodi ɗaya, sannan na janye buhun. Na fito da farantin ƙarshe da farko. Maruƙa biyar suna tsaye, sun yi baƙi. Ƙanana ne, kuma tun da rani aka gina su, sun bushe har ciki. Na ji sanyi a raina. Na zura sanda na jawo na biyu. Tsakuwa ce da gari. Na uku ma haka. Waɗanda suka bushe ma ba su tsira ba, domin in ɗaya ta fashe sai ta harbe na kusa da ita. Bijimin ya tarwatse har guntunsa ya manne a rufin tanderu. A faranti na huɗu saniya ɗaya ta rage a kwance, ƙafa uku.

Muka zube komai a kan buhu a tsakar gida. Yara suka kewaye. Wani ƙaramin yaro ya fara kuka yana neman tasa, Malama ta ɗauke shi. Baffa ya matso ya riƙa tona tarkacen da bakin sanda. Farar ƙasa da jar ƙasar duk hayaƙi ya shafe su, ba a gane fara ba a gane ja. Ya ture wani guntu gefe, ƙaho ne mai duban ƙasa. 'Yarsa ta ɗauka, da zafinsa, ta sake shi, ta sake ɗauka da bakin zane.

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba komai, Malam."

Bai taɓa ce mini Malam ba. Daga ranar bai sake kirana bawa ba, ni ma ban sake samun bakin yi masa wasa ba.

Aka kira salla. Muka tafi masallaci tare da shi, muka dawo, bai yi maganar ba.

Washegari na je wurin tsohuwa da saniyar mai ƙafa uku. Ta ƙwanƙwasa ta da farce ta saurara.

Ta ce, "Angona, ko gasuwa ba ta yi ba. Ka dai ƙona mata baya."

Ta gutsuri ƙafa ɗaya ta jefa a kaskon ruwa, muna kallo ta narke. Ta ce wutar yumɓu da hayaƙi ake fara ta, a yini ana ɗumama kaya a gefe kafin harshen wuta ya taɓa su. Ta ce ita takan daka fasassun tukwane ta cuɗa a yumɓunta don ya sami hanyar numfashi, wanda ta ba yara kuwa tsurarsa ne, na wasa. Ta ce kuma zafin da yake gasa tukunya, tanderun burodi bai taɓa ganin irinsa ba. Na ce me ya sa ba ta gaya mini haka ba tun farko. Ta ce, "Ka tambaye ni? Kai da kake da ɗaki mai ƙofa."

Malama ta je nunin da zanen gawayi da motocin kara. An ce an yaba. Asabar ta gaba ta sayo sabon yumɓu, ta roƙi tsohuwa ta cuɗa shi yadda ya kamata, ta aika a kira Baffa. Ya zo, ya zauna a inda ya saba. Ta ce za a sake su duka, a hankali, a bar su har rani, tsohuwa ta gasa da hannunta. Yara suka zauna da yumɓu a gabansu suna jira ya kira sunan ta farko.

Ya ce, "Malama, na gode. Na faɗe su sau ɗaya. Ba zan iya sake bin su ɗaya ɗaya ba."

Ta ce ko 'yarsa ta faɗa, ai ta san su. Ya ce ta san kamanninsu, ba ta san iyayensu ba. Ya sha kunu, ya yi sallama.

Yaran sun gwada yi da ka. Abin da suka gina shanu ne masu kyau, amma ba na kowa ba ne. Bayan mako biyu suka koma mota da jirgin sama.

Kafin kaka Baffa ya sami wani falke mai shanu da yake neman makiyayi a wajen Muri, ya kwashe iyalinsa suka tafi. Ranar da za su tashi yarinyar ta zo rumfa ta karɓi maruƙan nan biyar, Malama ta naɗe mata su a tsumma ta sa a ƙwarya. Ni ina wurin aiki, ban gan su ba. Rumfar ta ci gaba shekara huɗu, har aka fara makarantar kyauta aka kwashe yawancin yaran. Ina kai burodi har ƙarshe. Malama ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sau ɗaya ne kawai ta ce ita ta fara kawo shawarar, na ce ni na rufe ƙofar, muka bar shi a nan.

Shanu talatin da bakwai na zura a tanderu. Maruƙa biyar suka fito a tsaye, da saniya ɗaya wadda muka ƙarasa a kaskon tsohuwa. Talatin da ɗaya sun fashe, a cikinsu har da bijimi, da mai jan gaba, da karsanar yarinyar. Aikin yara ashirin da uku na wata uku. Faranti biyu sun lanƙwashe. Burodin ranar Asabar, zubi na farko, an zubar da shi saboda tsakuwa. Yarinya ɗaya ta bar rumfa, da mutum ɗaya da yake zama a benci.